Yayana, Mai Sauraron Katanga

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, Yaya ya riga mu tafiya. Yau kwana arba'in ke nan da muka sa shi a ƙasar da ba tamu ba. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, ni ke bi masa. Ban yi boko ba. 'Yarsa ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana don ta yi daɗi.

Ranar jana'iza gidanmu na Cheras, a nan Malesiya, bai ɗauki mutane ba. Ɗaliban da gwamnati ta turo karatu daga gida sun cika waje, matansu sun cika falo har bakin banɗaki. Abokan aikinsa 'yan Malesiya sun zo da baƙaƙen hulunansu, wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannun surukinmu, mijin 'yar Yaya, ya kasa saki. Aka fassara mini abin da ya ce. Wai duk sanda ƙasa ta zaftare a wani wuri, ko ruwa ya cinye hanya, lambar Yaya 'yan jarida suke fara nema a jami'a, domin shi ne yake bayani har mai sayar da kifi ya gane. Wata tsohuwa 'yar Sin ta hawa na uku ta sauko da lemo a leda, ta cire takalmi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce da Hajiya, matar Yaya, "Makan, makan lah," wato ta daure ta ci abinci. Mai shayin bakin titi, irin waɗanda suke ce wa mamak, ya aiko da shayi cike da tulu ba wanda ya roƙe shi. Wani ɗalibi ya miƙe ya ce yau an rufe ɗakin karatu guda. Wani ya ce an yi rashin uba.

Duk na saurara ta bayan labule. An yabi iliminsa, an yabi haƙurinsa, an yabi yadda yake ɗaga waya ko loma tana hannunsa. Ba wanda ya ambaci katanga.

Gidanmu a hawa na ƙasa yake saboda gwiwoyin Yaya. Tagar ɗakin Hajiya tana kallon baya, kuma daga tagar zuwa katangar bai fi taku goma ba. Ba irin katangar gida ba ce. Tudu aka yanka aka gina benen a gindinsa, sai aka zuba wannan katanga ta kankare don ta tare ƙasar tudun, tsayinta ya kai hawa biyu. A jikinta an jera ƙananan bututai, bakinsu kamar bakin kofi, ruwan da tudun ya sha ta nan yake tsiyayowa. Yaya indararo yake ce musu. Ƙasar nan ba ta san rani ba, don haka kullum ɗiga suke, gansakuka ta yi kore a ƙarƙashinsu. Hajiya ta tsani wannan ɗigar. Shekara tara tana cewa tana kawo sauro, tana hana ta sakat.

Da suka tare, katangar lafiyarta lau. Daga baya aka sare itatuwan saman tudun aka fara ɗora wasu dogayen benaye, shi ne ta fara tsagewa, siriri kamar zare. Ni a haka na same ta. Wankan jegon 'yarsa ya kawo ni shekara shida da suka wuce, mijina ya riga ya rasu, Yaya ya ce me zan koma in yi a gida, in zauna.

Abin da na fara lura da shi, in ya dawo daga sallar asuba ba ya shigowa. Sai ya zagaya baya, hannu ɗaya a bayansa, ɗayan riƙe da kofin gilashi. Ya tari ruwan wannan indararo, ya ɗaga shi sama ya duba, ya zubar, ya matsa na gaba. A kan kowace tsaga kuma ya manna wani siririn gilashi irin na ɗakin gwaje-gwajensu, ya gicciye tsagar da shi. Na tambaye shi ko laya ce. Ya ce, "Mai gadi ne. In katangar nan ta motsa ko da faɗin gashi, zai fashe ya gaya mini."

Aikinsa ke nan, ilimin ƙasa da duwatsu. Amma bai bar shi a aji ba. A kira shi rediyo, a kira shi talabijin, a kira shi taron unguwa a masallaci, zai je. Mutanenmu na gida ma ba su bar shi ba: wannan ya bugo kwazazzabo ya kusa cin makarantar garinsu, wancan rijiyarsu ta rufta, wani madatsar ruwa ce take tsatsa. Sai ya sa a ɗauke shi a waya yana bayani da Hausa, a yi ta turawa. Kuma kafin ya je ko'ina sai ya shigo kicin.

"Gwaggon yara, ajiye ludayin nan, ki zama jama'a."

In ajiye. Ya yi bayaninsa, in na ce ban gane ba, ya soke ya sake. Wata rana bayan ƙasa ta danne wasu gidaje a wani gari, za shi ya bayyana dalilin da ya sa tudu yake zubowa bayan ruwa ya ɗauke, ba lokacin da ake yinsa ba. Ya fara mini da wai matsin ruwa a ƙofofin ƙasa.

Na ce, "Yaya, wannan Hausa ce ko addu'a?"

Ya yi dariya har da tari. Ya sake, na ce ban gane ba. Ya sake. A na ukun na ce, "Kana nufin irin katangar gidan Kakanmu? Da ta sha ruwa kwana biyu tana tsaye, sai ranar da rana ta fito ta kwanta a kan awaki?"

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Ita ce."

"To ka ce haka mana."

Haka ya je ya faɗa, da awakin da komai. Amma akwai abin da ba a taɓa iya sa shi ya faɗa ba. Wani ɗan jarida ya matsa masa, wai ya ce tudu kaza zai zubo ko ba zai zubo ba. Yaya ya ce, "Ban san rana ba. Alama na sani." Wannan magana ba ta yi wa mutane daɗi, domin mutum ya fi son a ce masa gobe ko a ce masa babu. Matasan ƙungiyar ɗalibanmu, waɗanda suka yi ta kuka ranar jana'iza, a bayan idonsa Farfesa Za-ta-faɗi suke kiransa. Sun ɗauka ban sani ba. Babu abin da ake faɗa a gidan nan ban ji ba.

Mun taɓa yin faɗa, ni da shi, faɗa na gaske. Akwai matakala da take hawa gefen tudun, na bi ta na tarar da fili sai ciyawa. Ƙasa a banza, ga ruwa kullum! Na aika gida aka kawo mini irin kuɓewa da yakuwa da rama. Na nome ciyawar tas, na ja kunya a gicciye yadda za ta riƙe ruwa, kamar yadda uwarmu ta koya mana. Shuka ta kai gwiwa kafin ya gano. Na dawo daga kedai, wato kanti, na tarar da dattijo mai furfura, ya naɗe ƙafar wando, yana tuge mini kuɓewa yana baje kunya da ƙafa.

Na ce, "Yaya, hauka ka fara?"

Ya ce, "Kin cire wa tudu riga, kin kuma gina masa kwamin shan ruwa a bisa kanmu."

Na ce ilimin da zai hana mutum miyar kuɓewa ba ilimi ba ne, mugunta ce da takarda. Na ce tun muna yara haka yake, abin da bai shuka ba shi yake tugewa. Kwana uku ina ajiye masa abinci ba gaisuwa. A na huɗu na fito baranda na ga bokitan fenti guda shida a jere, an wanke su, an cika da ƙasa, ga sauran irina a takarda a kai. Shi da kansa ya ɗauko su daga jami'a a bayan mota. Bai ce in yi haƙuri ba, ba halin gidanmu ba ne. Ya kifa ɗaya ya nuna mini gindinsa ya ce, "Kin gani? Ko bokiti sai da na huda shi. Ruwa baƙo ne, ba a rufe masa ƙofar fita."

A ranar na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce tun da ka san halin katangar nan, me muke yi a gindinta? Ya ce ya rubuta wa masu kula da benen takarda ba sau ɗaya ba, sun zo sun ɗauki hoto, sun ce za a duba. Ya ce, "In na tashi, wa zai ci gaba da rubutawa? Benen nan cike yake da 'ya'yan mutane. Muddin indararo na kuka da farin ruwa, gilasaina kuma na nan, za mu iya kwana." Sannan ya rage murya don kada Hajiya ta ji. "Abu biyu zan gaya miki. In kika ga ruwan ya yi ja, ƙasa ce take fitowa, cikin tudun yana rarakewa. In kuwa aka yi ruwan sama suka yi shiru, wannan ya fi muni, ruwan ya taru a bayanta yana turi. Ki fitar da kowa. Kada ki tsaya neman mayafi."

Na ce, "Me ya sa ni? Ga masu digiri cike da gida."

Ya ce, "Masu digiri waya suke kallo. Ke kuwa tun kina yarinya babu abin da ba ruwanki da shi."

Ciwon bai ba mu lokaci ba. A aji ya yanke jiki, kwana biyu a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu zan faɗi laifina kafin in faɗi na wani. Kwana bakwai na zauna kusa da Hajiya muna karɓar gaisuwa, kamar yadda ake yi, an saki labulen taga, falo cike da mata da kukan yara. Ban leƙa baya ba ko sau ɗaya. Amanar da aka ba ni ke nan, na zauna a kanta ina amsa "ya haƙuri".

A bayan gidan aka kafa rumfar maza, tsakanin benen da katangar, domin gaba hanyar motoci ce. Ranar farko ruwan indararo ya jiƙa tabarmi. Ga manyan baƙi ana sa ran zuwansu sadakar uku. Sai surukinmu da matasan ƙungiya suka yi abin da duk ɗan kirki zai yi a garinmu in za a yi taro a gidan uba: suka sayo siminti da farin fenti. A gida in bango ya tsage yaɓe ake yi masa, in ka ga rami ka toshe kafin maciji ya shiga. Suka cike tsagogin, suka kankare gilasan, suka toshe indararo ɗaya bayan ɗaya, suka shafe katangar. Da zuciya ɗaya suka yi, don girmama shi.

Ran kwana takwas, bayan azahar, aka yi ruwa irin na garin nan, wanda yake zuwa kamar an kifar da randa. Da ya ɗauke ina ɗakin Hajiya ina naɗe tabarmi, sai na ji wani abu ba daidai ba. Na tsaya. Ban san ko mene ne ba, sai da na ji ƙarar agogon bango, wanda ban taɓa jin ƙararsa a ɗakin nan ba. Babu ɗiga. Na yaye labule. Katanga fara fat kamar ɗakin amarya, a bushe, shiru.

Surukinmu yana waje yana loda kujerun haya. Na fita ba takalmi.

"Kai, zo nan. Wa ya yi wannan aikin?"

"Mu ne, Gwaggo. Ya yi kyau ko? Ai bai kamata a zo ta'aziyyar Farfesa a zauna cikin caɓi ba."

"Ina gilasan da ke kan tsaga?"

"Waɗannan fasassun? Mun share su."

"Fasassu? Ku kuka fasa, ko a fashe kuka same su?"

Ya ajiye kujerar da ke hannunsa. Ya yi ɗan tunani. Ya ce, "Biyu dai a fashe muka same su."

Na ce ya nemo guduma. Ya fara yi mini murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Gwaggo, ba matsala lah, masu kula da bene ma godiya suka yi mana."

"Ni kake ce wa lah kamar wata 'yar Malesiya? 'Yar uban wa kake aure? Shekara nawa kana cin tuwo a gidan nan kana kallon mutumin nan da kofi a hannu, ka ɗauka shayi yake nema a jikin bango?"

Yaron kirki ne, kwamfuta yake karanta, bai san ƙasa ba. Da na gaya masa abu biyun da Yaya ya gaya mini, na ga fuskarsa ta sauya. Ya kira wata ɗalibar Yaya 'yar Malesiya, wadda take digirinta na uku a hannunsa. Kafin la'asar ta iso a kan babur, hular kwano a kan hijabi. Da ta zagayo ta ga farar katangar sai ta rufe baki da hannu. Ta ce a fara buɗewa daga can ƙarshe, ɗaya-ɗaya, kuma kada kowa ya tsaya a gaban rami.

Surukinmu ya sa guntun rodi ya buga. Bugu na huɗu simintin ya fito kamar an harbo shi, ruwa ya biyo baya da ƙarfi har ya daki motar maƙwabci. Da farko fari. Muna tsaye muna kallo ya fara sauya launi, ya koma ja, kamar an dama jar ƙasa a kwarya. Na biyu haka, na uku haka. Na shiga na ɗauko kofin Yaya na tari ruwan.

Ɗalibar ta manna sababbin gilasai a inda tsagogin suke. Ta ce wa surukinmu duk wanda ke hawa na ƙasa ta ɓangaren katanga ya tashi, har a kawo na'urorin awo, kuma za ta rubuta rahoto a daren. Masu kula da benen suka ce za a zauna taro. Washegari da safe na zagaya, ɗaya daga cikin sababbin gilasan ya rabe biyu.

Na kai wa Hajiya kofin na ajiye a gabanta. Jar ƙasar ta kwanta a gindinsa kaurin yatsa. Ta kalle shi ta kawar da kai.

"Gwaggon yara, kin san takaba nake."

"Na sani."

"Wata huɗu da kwana goma. A ɗakin mijina zan yi su."

'Yarta ta durƙusa ta yi kuka, ta ce ga ɗaki a gidansu na Bukit Jalil an gyara. Jikokinta suka riƙe mata zani suna roƙonta da Turanci. Aka kira limamin jama'armu, ya tsaya ta bayan ƙofa ya yi mata bayani cewa mai takaba in ta ji tsoron halaka a gida, shari'a ta yarda ta koma wani ta ƙarasa. Ta ce, "Na ji, Malam, Allah ya saka da alheri." Ba ta motsa ba.

Kwana uku muna haka. Kullum bayan azahar hadari ya haɗu a kan tudun, baƙi ƙirin, a zuba. Indararo suna aman jan ruwa. Wata tsagar ta fito ta cikin sabon fentin, tun daga sama, za ka iya sa ɗan yatsa. Ƙofar banɗakinmu ta fara ƙin rufuwa. Na kwashe tabarmata daga ɗakina na shimfiɗa a nata, daidai ƙarƙashin taga.

Ta ce, "Me kike yi?"

Na ce, "In za ta zo ta same mu mu biyu. Ke za ki yi wa Yaya bayani in mun je, ni ba ruwana."

Carbi na hannunta amma ba ta ja. Can ta ce, "Ni na ce su toshe."

Na juyo na dube ta, ta ci gaba.

"Yaron nan bai yi gaban kansa ba. Ya zo bakin ƙofa ya tambaye ni, na ce su yi. Shekara tara ina roƙon yayanki ya rufe ramukan nan yana ƙi. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na sa aka yi. Na ji daɗin shirun ma, Gwaggon yara, Allah ya sani na ji daɗinsa. Yanzu da wane ido zan ɗauki jaka in tsere, in bar matan nan da 'ya'yansu a ƙarƙashin abin da na jawo?"

Shekara arba'in da wani abu na san matar nan, ban taɓa lallashinta ba, ranar ma ban fara ba. Na ce, "Kin yi laifi. Ni ma na yi, kwana bakwai ban leƙa ba. Amma katangar ta fara motsi kafin siminti, kuma zamanki ba zai tare ta ba. Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, tun da ke ba kya fita. Jiya na je wa maƙwabciyarmu mai 'yan biyu na ce su tashi. Kin san amsar da ta ba ni? Ta ce mijinta ya ce ai matar Farfesa na nan, da akwai wani abu da ita za ta fara tafiya. Tsohuwar hawa na uku ma tagarki ta nuna wa surukinki. Kowa ke yake kallo. Ke ce kike riƙe da su a nan."

Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe.

"Haka suka ce?"

"Na taɓa yi miki ƙarya don ki ji daɗi?"

Ta ajiye carbin. Ta ce a kira 'yarta. Da ta zo, yarinyar ta ce za su kawo mota har bakin ƙofa bayan magariba, a lulluɓe ta ta shiga ba wanda ya gani, don mutuncin takaba. Hajiya ta ce a'a. Ta ce da hantsi, kuma motar ta tsaya can bakin titi.

Haka aka yi. Matar da ko bakin ƙofa ba ta leƙa ba tun rasuwar, ta fito da hantsi cikin farin mayafi, ba kwalli ba ɗan kunne, ta ɗauki jakarta da kanta ta hana a karɓa. Ba ta nufi mota ba. Ta ƙwanƙwasa ƙofar mai 'yan biyu, ta ce, "Na tashi. Ki gaya wa maigidanki matar Farfesa ta tashi." Ta je ƙofa ta gaba, gidan wasu 'yan Malesiya, ta haɗa 'yan kalmomin da ta tsinta a shekara tara ta faɗa musu, tana nuna bayan gida da hannu. Ta bi ƙofofin hawa na ƙasa har ƙarshe. Mutane suka fito baranda suna kallo daga sama. Sannan ta ratsa tsakiyar filin a hankali, kamar mai rakiyar gawa, ni ina bayanta da bokitin kuɓewa ɗaya a kai.

Su mai 'yan biyu sun tashi a ranar. 'Yan Malesiyan sun bi bayan kwana biyu. Kafin mako ya zagayo babu mai kwana a hawa na ƙasa ta wannan ɓangaren. Mutanen hawa na sama suna nan.

Yanzu Hajiya tana ƙarasa takabarta a Bukit Jalil, a hawa na goma sha takwas, inda ko ruwan sama ba a jin saukarsa. Katangar tana tsaye. An ɗaura wata igiyar leda mai ja da fari a gabanta, an kawo na'ura sau ɗaya an tafi da ita. Ɗalibar Yaya tana zuwa duk bayan kwana biyu, tana kuma bin ofisoshi da rahotonta, Allah ya yi mata albarka. Ku abokan aikinsa da kuka zo da huluna kuka yi kuka, da ku ɗalibansa da kuka ce an rufe ɗakin karatu, ku san ita kaɗai take yawon nan. In kuna neman abin da za ku yi masa, ba sai kun tambaye ni ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya sa abin da ya sanar da mutane ya zame masa haske. Allah ya haɗa shi da iyayenmu a inda babu tsoro. Mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Saura magana ɗaya. Shekaranjiya shugaban ƙungiyar ɗalibai ya bugo wa surukinmu waya. Wai akwai wani sabon ɗalibi da ya sauka daga gida makon nan, shi da matarsa mai tsohon ciki, ba su da wurin zama, kuma tun da wa'adin hayar gidan Farfesa bai ƙare ba, ga shi a hawa na ƙasa ba sai ta hau bene ba, a taimaka a ba su mabuɗi. Ya ce ai ga shi kusan kwana arba'in ba abin da ya faru.

Na ce a kawo su nan Bukit Jalil inda muke, falo zai ɗauke su, ni zan yi mata wankan jego in ta sauka. Mabuɗin kuwa yana ɗaure a bakin zanina. Wanda yake so ya zo ya kwance.